Yadda ake gano inda ruwan sama ke shiga gidan gaban tsohuwar a-kori-kura, a kuma toshe shi

An kwana ana tafka ruwa, da safe ka buɗe ƙofar mota warin danshi ya tare ka, gilashi ya yi hazo daga ciki, ka taka shimfiɗar ƙafa ka ji ta jagab. Duk mai tsohuwar a-kori-kura ya san wannan safiya. Ko Hilux ce, ko Datsun, ko Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ciwon kusan ɗaya ne: rana ta yi wata da watanni tana gasa robobi har su bushe su tsage, ƙurar hunturu ta cika magudanai, sai ruwan Agusta ya zo ya tona asiri.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su sayo gam su lafta a gefen gilashin gaba, washegari kuma su sake tarar da ruwa. Dalili kuwa, inda ruwa ya kwanta ba nan ya shigo ba. Yana iya shiga ta kusurwar rufi, ya bi cikin ginshiƙin da ke gefen gilashi, ya ɓulla a ƙarƙashin ƙafar direba. Saboda haka kada ka sayi komai sai ka ga ƙofarsa da idonka.

Da farko, tabbatar ruwan sama ne

Ban da na sama, ruwa iri uku ke jiƙa gidan gaba. Idan motar tana da esi, kuma kana samun ruwa a gefen fasinja ko ranar da ba a yi ruwa ba, to ɗan bututun da ke zubar da zufar esi zuwa ƙasa ne ya toshe ko ya cire. Idan ruwan yana da santsi a hannu da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to na'urar ɗumama mota da ke bayan dashbod ce ta huje. Da yake da yawa daga cikinmu ruwan famfo zalla muke zubawa a lagireto, launi da ƙamshi ba lallai su nuna ba. Raguwar ruwan ita ce shaida. Idan kuma ruwan da taɓo a cikinsa, kuma sai an ratsa kududdufi yake bayyana, daga ƙasa yake tasowa. Wanda ka tarar bayan mota ta kwana a tsaye, shi ne na sama.

Kwashe komai, ka busar

Fitar da shimfiɗun ƙafa, ka ɗaga kafet gaba ɗaya. Idan kujera doguwa ce, kwance notunanta ka ajiye ta gefe. Wahalar ta fi sauƙi a kan leƙe. A ƙarƙashin kafet akwai wani kauri mai kama da bargo, wanda ke shan ruwa kamar soso. Sama za ta iya bushewa alhali shi yana nan sharkaf tun makon jiya, yana cin ƙarfe a ɓoye. Shanya shi a rana, ka goge daɓen da tsumma. Cire kwalin da ke gefen ƙafafu da robar bakin ƙofa idan suna ciruwa.

Kafin ka goge bango da ƙarƙashin dashbod, haska da tocila ka duba. Ruwa yana barin sawu: layin tsatsa, ko layin da ya wanke a cikin ƙura. Wani lokacin wannan kaɗai ya ishe ka.

Gwajin ruwa, daga ƙasa zuwa sama

Wannan aikin mutum biyu ne, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Kai ka shiga ciki da tocila, ka kwanta yadda za ka ga ƙarƙashin dashbod, a rufe ƙofofi da gilasai. Na waje ya riƙe tiyo, ruwan yana zuba a hankali kamar na sama. Ban da injin wankin mota, domin ƙarfinsa yana cusa ruwa ko ta lafiyayyar roba, sai ya sa ka bin abin da ba shi ne ba. In babu famfo, buta da bokiti sun wadatar.

A fara daga ƙasan ƙofa, a daɗe kamar minti biyar a wuri guda. Sai a hau zuwa gindin gilashin ƙofa, sai ragar da ke gindin waifa, sai ƙasan gilashin gaba, gefensa, samansa, sannan rufi a ƙarshe. A gama ɓangare ɗaya kafin a koma ɗayan, sannan gilashin baya. Idan aka fara daga rufi, ruwa zai wanke ko'ina lokaci guda, ka ga ɗigo amma ba ka san daga ina ba. Yaron da ke riƙe da tiyo zai ƙosa ya yi gaba. Ka ja masa kunne tun farko, domin wani yoyon sai ruwa ya cika wani lungu sannan yake tsallakowa.

Da ka ga ɗigon farko, ka ce a tsaya a nan, ka bi shi da yatsa zuwa sama har inda ƙarfe yake a bushe. Idan yoyon ƙarami ne ba ya ganuwa, barbaɗa hoda ko ka goga alli a wurin da kake zato, ko ka manna tsohuwar jarida. Ruwa zai zana maka hanyarsa. Sa alama, ka ci gaba da gwajin. Tsohuwar mota ba kasafai take yoyo ta wuri ɗaya ba.

Gindin waifa

A ganina nan ne ya kamata a fi zargi, kuma shi aka fi mantawa. Ƙarƙashin ragar nan da ke tsakanin bonet da gilashi akwai wani kwarin ƙarfe da ke tare duk ruwan da ya gangaro daga gilashi, ya zubar da shi ta gefe biyu a bayan madigadi. A cikin kwarin nan kuma bakin da fankar hura iska cikin mota ke jan iska yake. Motar da ke kwana a gindin darbejiya ko mangwaro, ganye da ƙura sukan haɗu su zama laka su toshe mafitar. Ruwa ya taru, ya kai bakin iska, ya zubo ta fanka a kan ƙafar fasinja.

Cire hannuwan waifa da ragar idan tana kwantuwa, ka kwashe lakar da hannu, ka zura waya mai laushi a mafitar kowane gefe, sannan ka zuba ruwa. Ya kamata ka gan shi yana kwarara ƙasa a bayan tayar gaba nan take. Sau da yawa aikin ke nan, ko kobo ba ka kashe ba. Amma ka haska cikin kwarin da kyau. Lakar da ta shekara a jiƙe takan huda ƙarfen, kuma in ya huje, sai walda.

Gilashin gaba da na baya

Tsofaffin motoci da roba mai kauri ake riƙe gilashinsu, na baya-bayan nan kuma manne shi ake yi da gam. Ɗaga leɓen robar a kusurwoyin ƙasa da abu marar kaifi. Idan fenti ya yi kumbo-kumbo, tsatsa ce a ƙarƙashi, kuma ita ke ɗaga robar. Akwai wata dabara: shafa kumfar sabulu a kewayen gilashin daga waje, mai faci ya hura iska da injinsa daga ciki yana bin gefen. Inda kumfa ta yi ƙwai, nan ne kafar.

Idan robar tana da sauran laushi kuma ƙarfen lafiya lau, ana cusa baƙin gam na gilashin mota, irin wanda ba ya sandarewa, tsakanin roba da ƙarfe da kuma tsakanin roba da gilashi. Idan ta tsattsage ko da tsatsa, a cire gilashin, a gyara ƙarfen, a sa sabuwar roba. A nemi mai sa gilashi, domin tsohon gilashi ba ya son a murɗa shi.

Silikon ɗin da ake liƙe tagar gida da banɗaki kuwa, ka nisanta shi daga mota. Irin wanda ke warin tsami yana fitar da sinadarin da ke cin ƙarfen da ba fenti, fenti ba ya kama shi, kuma gam na gaskiya ba zai zauna a inda ya taɓa ba sai an sha kankara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gilashin baya mai zugewa yana da 'yan kafofi a gindin layinsa. Soka su da tsinke. Motocin da aka shigo da su daga Amurka ƙirar 1994 zuwa sama suna da fitilar birki ta uku a saman gilashin baya, kuma soson da ke bayanta yakan mutu ya riƙa jiƙa bayan kujera.

Rufi

Bi indararon da ke gefen rufi, inda aka haɗa ƙarafa biyu aka shafe da gam tun daga kamfani. Da tsufa gam ɗin yakan tsage kamar ƙasar fadama da rani. Kankare tsohon, ka goge, ka shafa sabon gam na haɗin jikin mota. Sannan duba duk ramin da ɗan Adam ya huda: gindin eriya, notin kariyar ɗora kaya, inda aka taɓa ɗaura lasifika ko fitila.

Ƙofofi

Ruwa yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi ko a sabuwar mota, shi ya sa aka yi mata ramuka a gindi. Buɗe su da waya. Idan kana jin ruwa yana kaɗawa in ka rufe ƙofa, sun toshe. A bayan kwalin ƙofa akwai leda da aka manna don ta mayar da ruwa ciki. Mai gyaran injin ɗaga gilashi yakan yage ta ya yar. Yanko leda mai kauri ka mayar, ka manne gefenta duka, musamman ƙasa.

Robar ƙofa kuma, gwada ta da takardar kuɗi: rufe ƙofa a kanta ka ja. Inda ta zare ba tare da turjiya ba, robar ba ta kamawa. Kafin ka sayi sabuwa, buɗe ƙofar ka ɗaga ta daga ƙarshe. In tana motsi sama da ƙasa, hinji ne ya cinye, kuma ko sabuwar roba ba za ta hana yoyo ba sai an gyara shi.

Bangon inji da daɓe

Da dare, sa wani ya haska tocila daga wajen inji, kai kana ciki. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Galibi robobin da wayoyi da sandar sitiyari ke bi ne suka fita, ko mai wayarin ya huda don ya wuce da wayar rediyo ko hon. Mayar da robar, ko ka toshe da gam. A daɓe, duba robobin toshiya da rigar gindin giya.

Ramin tsatsa a daɓe ba na bodi fila ba ne, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, domin filar tana shan danshi ta faɗo. Fanalbita ya yanke ruɓaɓɓen wurin har inda ƙarfe yake da ƙwari, ya yi walda da sabon falle, bayan an cire kan batir an kuma duba inda bututun mai da na birki suka bi a ƙasa. Sai samfefa, jan fenti mai hana tsatsa, gam a kan haɗin, sannan fenti sama da ƙasa. Kada a jinkirta wannan, domin ramin da ke shigo da ruwa yana shigo da hayaƙin salansa, wanda ke sa direba jiri da barci a kan hanya.

Bar gam ɗin ya kwana ya kama, sannan ka maimaita gwajin tiyo tun daga ƙasa. Kada ka mayar da kafet tukuna. Shimfiɗa jarida a daɓen, ka bar motar a waje ta sha ruwan sama biyu ko uku. In jaridar ta kwana a bushe, kuma bargon ƙarƙashi ya bushe har cikinsa, sai ka mayar da kujera.