Yadda za ka horar da ido da ƙwaƙwalwa su karanta rubutun Sinanci

Ɗan kasuwar Gombe da ke son gane rubutun jikin kwalayen da ake turo masa daga Guangzhou, da ɗalibin Bauchi da ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin, tuntuɓe ɗaya suke fara yi: kallon harafin Sinanci a matsayin hoto. An nuna musu 山, an ce tsauni ne mai kai uku, sai su ɗauka haka abin yake har ƙarshe. Haruffan da asalinsu zane ne ba su da yawa. Kusan kashi 80 cikin ɗari haɗi ne na ɓangare biyu, ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna sauti.

Hoto da harafi hanya ɗaya suke fara bi. Haske ya sauka a tantanin bayan ido, jijiyar gani ta kai saƙon wajen ƙeya, inda ake tsince layuka da kusurwoyi. Daga nan ya gangaro ƙasan ƙwaƙwalwa, sashen da ke gane fuska da kaya. Ga wanda ya iya karatu, wani ɗan yanki a gefen hagu na wannan sashe yakan ƙware a kan rubutu. Laurent Cohen da Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsu suka bayyana shi a 2000. Sai dai sashen ya saba da kau da kai daga ƙananan bambance-bambance: buta dai buta ce, ko bakinta ya kalli gabas ko yamma. Rubutu kuwa ba ya lamuntar haka. 土 ƙasa ce, 士 masani ne, tsawon layi kawai ya raba su. 人 mutum, 入 shiga. Wanda ya yi makarantar allo ya san irin wannan, tunda ba da ta jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya bambanta su.

To, fara da takarda. Ka ja gidaje masu faɗin santimita 2 a littafin rubutu, ka raba kowane gida huɗu da fensir. Idon sabon shiga ba ya iya auna inda layi ya tsaya sai da abin jingina. Ka rubuta da girma, domin wurin da ido ke gani tar-tar bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu, kuma ƙaramin harafi mai layuka goma sha biyar dunƙulewa yake yi.

Kafin haruffa, ka san ɓangarorinsu. Ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya jera 214, amma talatin sun isa farawa: 氵 ruwa, 木 itace, 口 baki, 女 mace, 扌 hannu. Duk harafin da ka tarar, ka farke shi kafin ka haddace. 妈, wato uwa, mace ce a hagu da 马 a dama. Shi 马 doki ne, amma nan ba ruwan doki, sautinsa na "ma" aka ara. Kada ka saki jiki da ɓangaren sautin: cikin 海, teku, akwai 每 da ake karantawa "mei", harafin kuwa "hai" ne. Shekaru aru-aru sun sauya furuci, rubutu bai bi ba.

Wajen atisayen rubutu ne mafi yawa ke ha'inci. Kwafa sau hamsin kana kallon samfuri aikin banza ne, hannu na tafiya kai na barci. Ka dubi harafin daƙiƙa biyar, ka rufe, ka rubuta da ka, sannan ka gwada da na asali. Ka bi ƙa'idar jan layi: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye. Motsin hannu iri ɗaya kullum yana ba ƙwaƙwalwa hanya ta biyu ta tuna siffar. Haruffa biyar zuwa takwas a rana sun isa. Ka maimaita su washegari, bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Masu kama da juna, kamar 未 da 末, ka koyi ɗaya ya zauna tukuna, sannan ka jera su ka faɗi bambancin da baki. Idan kana yin katin tuni, wato katin gwada kai mai harafi a fuskarsa, ka sa hoto a bayan katin. In suna fuska ɗaya, ido hoton zai bi don ya fi sauƙi.

Waya ma tana da nata tarko. Bugawa da Pinyin, wato rubuta sautin Sinanci da haruffan boko, zaɓi kawai kake yi daga jeri, har 'yan Sin kansu suna kukan ɗaukar alƙalami su manta harafi. Ka kunna allon rubutu da yatsa. Da ka kai haruffa ɗari biyu, koma kan kalmomi, domin yawancinsu haruffa biyu ne kuma ba a barin fili tsakaninsu: 手 hannu, 机 na'ura, 手机 wayar hannu. Jikin kwalin caja ko na fitilar sola wurin gwaji ne mai kyau, don salon bugun kowane kamfani daban.