Yadda ake ɗaukaka ƙara a Birtaniya idan kotun ma'aikata ta yi watsi da ƙarar wariyar launin fata

Ka kai ƙara cewa an nuna maka wariya a wurin aiki saboda launin fatarka ko asalinka, ko an sa ka gaba saboda ƙorafin da ka yi, kotun ma'aikata kuma ta kori ƙarar. Akwai sauran hanya, amma ƙunci gare ta.

Fara da ƙirga kwanaki. Kwana 42 gare ka daga ranar da aka aiko da rubutattun dalilan hukunci, ba daga ranar da suka iso hannunka ba, kuma dole takardunka su isa kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata, wato EAT, kafin ƙarfe 4 na yamman ranar ƙarshe. Ba kasafai take yafe latti ba. In da baki alƙali ya faɗi dalilansa, nemi rubutattu cikin kwana 14. Kana iya roƙon kotun farko ta sake duba hukuncinta, shi ma cikin kwana 14, amma wannan ba ya tsayar da ƙirgen 42 ɗin.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: EAT ba ta sake sauraron shaidu. Kuskuren doka kaɗai take dubawa. "Alƙali ya yarda da manaja, bai yarda da ni ba" magana ce mai ciwo, na sani, amma ba ta kai mutum ko'ina. Zauna da hukuncin, ka bi shi layi-layi. Sashe na 136 na dokar daidaito ta 2010 ya ce idan ka kawo abin da zai iya nuna wariya, nauyin wanke kai ya koma kan mai aikin. Kotun ta bi wannan? A batun ramuwar gayya, sashe na 27, ta binciki ko ƙorafinka ne ya jawo abin da aka yi maka? Ta bayyana dalilin da ya sa ka faɗi?

Sai ka cike takardar ɗaukaka ƙara, ka jera kurakuran a taƙaice da lambar sakin layin da kowanne yake, ka haɗa da hukuncin da dalilansa. Ba a biyan kuɗin shigarwa tun 2017.

Alƙalin EAT zai fara tace takardun shi kaɗai. Idan ya ce ba hujja, yawanci kana da kwana 28 ka nemi a saurare ka baki da baki, kuma a wannan zaman lauyoyin ELAAS, wani shirin lauyoyin sa kai, kan tsaya wa mutum kyauta. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, kai musu hukuncin tun ranar da ya iso.