Yadda ake auna ƙuri'ar ƙara wa makarantu kuɗi a Wisconsin

Tun shekarar 1993 dokar jihar Wisconsin ta Amurka ta ƙayyade kuɗin da hukumar makarantun gunduma za ta iya tarawa, kuma idan tana son wuce wannan iyaka sai ta nemi amincewar jama'a ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. A watan Afrilun 2024 mutanen birnin Milwaukee suka amince da ƙarin dala miliyan 252, amma da ƙyar.

Kafin ka kaɗa ƙuri'a, fara da karanta tambayar da ke kan takardar zaɓe. Idan bashi za a ci don gini ko gyaran rufi, akwai ranar gama biya. Idan kuwa kuɗin gudanarwa ne, kamar albashin malamai, duba ko na 'yan shekaru ne ko na dindindin, domin na dindindin ba ya sake dawowa gaban masu zaɓe, kuma a ganina nan ya fi dacewa mutum ya tsananta tambaya.

Daga nan ɗauko takardar harajin gidanka ka yi lissafi, domin daga harajin gidaje ake samo ƙarin. Ana faɗin ƙarin ne a kan kowace dala 1,000 ta darajar gida: idan santi 50 ne, gidan dala 300,000 zai biya ƙarin dala 150 a shekara. Mai haya ma kada ya ce babu ruwansa, sau da yawa mai gida kan ɗora ƙarin a kuɗin haya.

Ka halarci zaman hukumar makarantun, ka nemi a faɗa maka dalla-dalla abin da za a yanke idan ƙuri'ar ta faɗi.