Yadda za ka zaɓi bindigar farko in kana son koyon harbin saiti

Wani ƙanina a Nima, nan Accra, ya dame ni da waya wai shi fa fistol, wato gajerar bindigar hannu, mai harsashi 9mm yake so irin ta fim, alhali ko sau ɗaya bai taɓa ɗana kunama ba. To ga abun da na faɗa mishi, ƙila ya amfani wani.

Takarda tukuna kafin bindiga. A Ghana riƙe bindiga ba lasisi laifi ne babba, kuma dokar ba ta yau ba ce, akwai ta 1962 akwai ta 1972. Ka je ofishin rajistar bindigogi na CID ɗin 'yan sanda ka cika fom, za su binciki halinka, in fistol ce kuma sai da izinin ma'aikatar cikin gida, sannan duk shekara sai ka sabunta. Ko bindigar iska za ka saya, wadda iska ke tura ƙwayarta, ka fara tambayarsu. Wadda maƙera ke ƙerawa a ɓoye kuwa kar ka ko kalle ta, ga ɗauri ga kuma tana iya fashewa a hannunka.

Sai maganar girman harsashi, nan ne samari ke faɗawa rami. Kowa na son mai ƙara, amma wallahi 9mm a hannun ɗan koyo ɓata shi take yi, in ta buge ka sau biyu sau uku jikinka zai fara tsoronta, kafin ka ja kunama ka riga ka runtse ido ka danna bakin bindigar ƙasa, kuma wannan ɗabi'ar fitar da ita ta fi koyon harbin kanshi wahala. Fara da .22 LR. Harsashi ne ɗan ƙarami da ake yi tun 1887, ba ya bugu sosai, ya fi sauran araha, kuma da shi ake gasar mita 50 a Olamfik har yau, saboda haka kar wani ya ce maka na yara ne. In aljihu bai kai ba bindigar iska mai ƙwaya 4.5mm ta wadatar, ita ake harbawa a mita 10, kuma tsakiyar takardar da ake saitawa da doguwar bindigar iska ɗigo ne na rabin milimita kacal, ka ga ba wasa ba ne.

Doguwa ko gajera? Ni dai doguwa nake cewa. Tana da madafa uku, kafaɗa da hannu biyu, ga kumatu a kwance a gindinta, ita kuwa fistol ɗan motsi kaɗan ya kai harsashi wani gari. A cikin dogayen ma na fi son wadda kake ja da hannu ka sa harsashi ɗaya ɗaya irin CZ 457, tana tilasta maka natsuwa. Ruger 10/22 ma tana da kyau amma da yake ita take ɗora wa kanta harsashi sai ka ga yaro ya ƙarar da kwali a minti biyar bai koyi komai ba.

Kafin ka biya ko sidi ɗaya ka gano idon da ya fi ƙarfi. Haɗa tafukanka ka bar ƴar ƙofa, miƙa hannu ka leƙa abu mai nisa kamar hasumiyar babban masallacin Kanda, rufe ido ɗaya, ka sake rufe ɗayan, idon da in shi kaɗai ke buɗe hasumiyar ta tsaya a cikin ƙofar shi ne naka, kuma ta wannan kafaɗar ya kamata ka ɗora doguwa. Sannan ka je filin harbi mai izini ka gwada a gaban malami, ka ji nauyinta, ka ga ko yatsanka na kai wa kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Ka tambayi dila mai lasisi ko harsashinta na samuwa kullum, don bindiga ba harsashi sanda ce.

A cikin kuɗin ka ware na abin toshe kunne da tabarau, ko .22 ƙararta na lalata ji. Kullum ka ɗauka akwai harsashi a ciki, bakin bindiga ba ya kallon mutum, yatsa nesa da kunama har sai ka saita. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo kuma ka saye shi tun kafin bindigar ta shigo, harsashi a wani wuri daban, don ka san gidajenmu na zango, ɗakinka ba a rasa yaran maƙwabta suna shiga suna fita.