Yadda za ka noma azola da dokwid ka rage kuɗin abincin kifi

Duk wanda ya taɓa kiwon kifi ya san inda kuɗi ke zurarewa, abinci ne, sau da yawa shi kaɗai yake cinye fiye da rabin jarin kafin kifin ya isa sayarwa. Shi ya sa nake so masu kiwo su waiwayi tsiron nan da ke yawo a saman ruwa, musamman azola da kuma dokwid, ɗan mitsitsin ganyen nan da bai kai farcen yaro ba. In aka busar da azola furotin ɗinta yana kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, dokwid kuwa in ya samu ruwa mai taki har ya fi haka.

To amma kar ka je ka kwaso daga kwata ko ruwan da masana'anta ke zubarwa, don tsiron nan yana zuƙe duk dattin da ke ruwa har da gubar ƙarfe irin su dalma. Ka noma naka.

Ka haƙa rami mara zurfi a inda rana ba ta dukan sa yini guda, ka shimfiɗa tamfol, ka baza ƙasa mai kyau sama-sama, sai ka zuba ruwa kamar santimita 10 zuwa 15. Ka dama ruɓaɓɓen kashin shanu a bokiti ka tuttula a ciki, ba mai yawa ba, in ruwan ya fara wari ka wuce gona da iri. Sai ka baza irin azola a saman ruwan. Azola ba ruwanta da yuriya, akwai wata ƙwayar halitta, Anabaena, a cikin ganyenta da ke jawo mata naitirojin daga iska, abin da take nema shi ne fosfaras. In ka ga ta fara ja ja kamar tsatsa, to ko rana ta yi mata yawa ko fosfaras ya ƙare, ka ƙara inuwa ka ɗan barbaɗa takin sufa, mai ɗauke da fosfaras. Cikin sati biyu za ka ga ta rufe ruwan kamar darduma, daga nan kullum ka sa rariya ka ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran ya ci gaba da haihuwa. Ka ɗauraye da ruwa mai tsafta kafin ka bayar.

Yanzu ga inda mutane ke yin kuskure, kuma gaskiya abin yana damuna. Karfasa tana cin ɗanyen da daɗi, amma tarwada ta fi buƙatar furotin na nama, in ka ce ganye kaɗai za ka ba ta wata da watanni za ta tsaya ba girma. Kuma ɗanyen fiye da kashi 90 ruwa ne, bokiti cike in ya bushe ɗan abu ne zai rage. Don haka ka shanya a inuwa, ka niƙa, ka gauraya da abincin da ka saba, ka fara da kashi 10 cikin 100 ka riƙa auna kifin duk sati biyu kafin ka ƙara.

Kainuwa kam ban cika son ta ɗanya ba, tana da sinadarin da ke ƙaiƙayi kuma ba ta narkewa da sauƙi, gara ka yi taki da ita.

In ɗanye za ka zuba wa karfasa, ka haɗa zobe da fayif na roba ka ajiye a saman ruwan ka zuba a cikinsa, abin da ba su cinye ba da yamma ka kwashe. In ganyen ya rufe tafkin gaba ɗaya iska takan yi ƙaranci da dare, da asuba sai ka tarar kifin duk sun taso sama suna buɗe baki.