Darasi na 9: Lissafin Kayan Sauya Tsirkiyoyin Fiyano

Fiyano abin kiɗa ne da aka fara ƙerawa a Italiya wajajen 1700. A wurinmu ana samunsa a majami'u da wasu makarantu. Ba na lantarki muke nufi ba, na katako ne mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki. In sun yi tsatsa ko suna yawan tsinkewa, sai a sauya su duka.

Mai fiyano zai tambaye ka, "Malam, nawa kayan za su ci?" Kada ka yanke masa kuɗi da ka. Buɗe murfin, ka ɗauki biro da takarda.

Fiyano yana da maballai 88, amma tsirkiyoyinsa kusan 230 ne, domin yawancin maballai uku-uku suke bugawa. Ƙirga na gabanka, don kowane fiyano da nasa adadin.

Tsirkiyoyin iri biyu ne. Na dama, masu siririyar murya, wayar ƙarfe ce zalla. A naɗe ake sayar da ita, kuma kowane kauri da lambarsa. Auna kaurin tsofaffin, ka rubuta lamba nawa kake bukata. Ko mita biyu kacal za ka yanka daga wata lamba, sau da yawa sai ka sayi naɗin gaba ɗaya.

Na hagu, masu babbar murya, su ne masu cin kuɗi. An naɗe su da jan ƙarfe, kuma a kan awon fiyanon ake yin su. Saboda haka kada ka yar da tsofaffin. Jera su a zare bi da bi, ka sa musu lamba, su ne samfurin da za ka aika wa maƙerin. Galibi daga waje ake kawo su, don haka tambayi kuɗin dako da canjin dala na ranar.

Sai ƙusoshin da ake ɗaure tsirkiya a jiki. Hunturu yana busar da katako, ramukan su saki. Shi ya sa ake sayen sababbi da suka ɗan fi tsofaffin kauri.

Ga misali. Farashin na koyon lissafi ne kawai, ba na kasuwa ba.

Waya, naɗi 8 a ₦15,000 = ₦120,000
Tsirkiya mai jan ƙarfe, 45 a ₦9,000 = ₦405,000
Ƙusa, 230 a ₦500 = ₦115,000
Ƙyallen ulu na shimfiɗawa a ƙarƙashin tsirkiyoyi = ₦20,000
Jimla = ₦660,000

Waya takan tsinke wajen ja, don haka ƙara kashi 10 cikin 100, wato ₦66,000. Kuɗin kaya ya zama ₦726,000. Ladan aikinka daban ne, rubuta shi a layinsa.

Aiki:
1. In tsirkiya mai jan ƙarfe ta koma ₦10,000, nawa ne kuɗin guda 45?
2. Nawa jimlar za ta zama bayan ƙarin kashi 10?