Yadda ake lissafa tsawon tafiyar jirgi daga Kano zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400 idan jirgi ya miƙe gabas, ya bi ta samaniyar Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 850 ko kusa da haka a sa'a ɗaya bayan sun daidaita a sama. Raba 3,400 da 850, ka sami sa'a huɗu. Ƙara rabin sa'a saboda hawa da sauka, don jirgi ba ya gudunsa sosai a waɗannan lokutan. Tafiya ta zama sa'a huɗu da rabi ke nan. Iska kan rage ko ta ƙara wasu mintuna, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba.

Sai dai wannan lissafin na miƙaƙƙiyar hanya ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe samaniyar ƙasar, jirage suka koma yin kewaye, kuma ƙarin kan kai wajen sa'a biyu. Saboda haka kada ka dogara da taswira kaɗai; tambayi kamfanin jirgin tsawon tafiyar ranar da za ka tashi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'a biyu, kuma tikiti yana rubuta lokacin kowane gari ne da agogon garin. Idan an rubuta tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 5 na asuba, ba sa'a bakwai za ka yi ba, biyar ce. A dawowa kuma sai ka ƙara biyun maimakon ka cire. Lokacin tikitin ya haɗa har da tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin ya tashi da bayan ya sauka. Wanda zai tarye ka, faɗa masa lokacin sauka yadda yake a tikiti, kada ka sake yi masa wani lissafi.

Duba kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen rubuta tazarar, kilomita ne ko mil. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na ruwa da matuƙa ke aiki da shi kuwa 1.852.

Jirgin da zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa lissafinsa daban: haɗa tafiya ta farko da jira da tafiya ta biyu. Jiran da bai kai sa'a biyu ba yana da haɗari, domin ɗan jinkiri a Kano zai iya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, ko kayanka su makara.

Ga mai Umara, wannan lissafi ya shafi ibadarsa kai tsaye. Ana wuce miƙati ne a sama kafin a isa Jidda, kuma cikin minti ɗaya jirgi ya ci kilomita 14. Ka yi wanka ka ɗaura harami tun a Kano, ko aƙalla sa'a ɗaya kafin sauka, ya rage niyya kawai idan aka yi sanarwa. Kada haramin ya shiga jakar da aka auna. Wanda zai fara sauka a Madina ba ya bukatar wannan, nasa miƙatin Zul-Hulaifa ne ranar da zai nufi Makka.